Shekarar da Kaka Ta Hau Soro

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Lahadi abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ina da wata al'ada da ba wanda ya ɗora mini: duk wanda ya hau mumbari a cocinmu da ke Sabon Gari, sai in dubi agogon bango in rubuta mintin da ya fara da mintin da ya sauka, a tsakani kuma in kwashe abin da ya faɗa. Ba na iya magana cikin mutane, sai na mayar da bakina cikin littafi.

Mutumin baƙo ne. Fastonmu ya tafi ƙauye jinyar mahaifiyarsa, dattawan coci suka ba baƙon minti goma ya gai da jama'a. Ya cinye awa biyu da kwata. Farar kwat ce a jikinsa, da farin takalmi, da hankicin da yake ta goge wuyansa mai ninki uku. Ba wanda ya riƙe sunansa na gaskiya, Mai Wahayi kowa ke ce masa. Ga abin da ya faɗa, kamar yadda yake a shafin har yau:

"Bana ɗigon ruwa ba zai taɓa ƙasar Kano ba. Kwana arba'in daga yau Ubangiji zai dawo. Wanda ya yi shuka ya ƙaryata shi. Wanda ya ɓoye hatsi ya ƙaryata shi. Wanda ya gyara ɗaki ya ƙaryata shi."

Wasu mata suka fara kuka. Babana ya ɗaga hannu biyu sama. Kakata, Kaka Laraba, tana gefena tana fifita da gefen gyalenta. Ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Malama Rahila, rubuta cewa takalminsa ya matse shi."

Ban rubuta ba. Na harare ta ma.

Abin da ya sa na zaro littafin nan daga ƙasan akwati shi ne bazarar bana. Ina karatun digiri na biyu, kuma makonni uku ke nan fankar laburare tana juya iska mai zafi kamar numfashin murhu. Kwanon gero ya yi tsadar da mutane ke tsayawa su kalle shi su wuce. A irin wannan lokaci masu sanin ranar ƙarshe ke fitowa. Yanzu ba sa buƙatar mumbari, waya ta ishe su. Cikin mako guda an turo mini uku, kowanne da tasa ranar, kowanne ya sa kiɗa mai ban tausayi a bayan muryarsa. Abokiyar ɗakina ta tambaye ni wanne na fi yarda da shi. Na ce mata na riga na yi wa irinsu aiki, kyauta ma.

Mu kaɗai ne Kirista a lungunmu na Koki. Kaka ta zo birni tana budurwa daga wani ƙauye a kudancin Kano, ta koyi aikin unguwarzoma, ta riƙa shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Rabin manyan lungun a hannunta suka faɗo duniya. Ita ta tsaya a kan wata matar lungun, Hajiya Umma, a haihuwarta ta fari, wadda ta kusa tafiya da ita. Bayan suna, Alhaji mijin Hajiya ya yanke wa Kaka wani sashe na gidansa: ɗaki biyu na soro, da ɗan tsakar gida, da ƙofa ta daban da ke fita lungu. Bai nemi haya ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa. Bangon babban ɗakinmu shi ne bangon ɗakin Hajiya, rufinsu ɗaya, indararonsu ɗaya. Duk shekara kafin ruwan fari, Kaka za ta sa a yi wa soron yaɓe. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa tsallakewa ba.

Da Alhaji ya rasu, 'ya'yansa maza suka so rushe sashen su gina shaguna na bulo. Hajiya ta tsare su da magana ɗaya: Laraba ba ta saɓa nata alkawarin ba, ita ma ba za ta saɓa na ubansu ba. Kowa a gidan ya san cewa ranar da yaɓe ya tsaya, maganar Hajiya ta ƙare, mu kuma sai mu nemi inda za mu.

Aikin yana da tsarinsa. Da zafi ya kama, masu jakai su kawo jar ƙasa daga kududdufi su jibge a ƙofar gida. A zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a rufe, a bar ta ta ruɓa wajen mako guda har ta fara wari. Kaka kuma ta jiƙa ɓawon ɗorawa a tulu domin makuba, wannan baƙin ruwan da ake shafawa a ƙarshe don ruwan sama ya zame ya wuce. Sannan magini ya zo da tsaninsa. Kafin ya taka matakin farko sai ya ɗaga murya, "Za a hau soro," domin matan maƙwabta su ja mayafi ko su shige ɗaki. Ya kankare tsohon yaɓen da ya tsattsage, ya cike, ya lailaye da tafin hannu, ya share indararo. Kwana biyu ya gama. A wannan shekara ƙasar tana jibge, ta ruɓa, makuba ta yi baƙi a tulu. Ranar Litinin aka sa za a fara.

Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba tun kafin baƙon ya buɗe baki. Mamata ta rasu shekara biyu kafin nan. Masaƙar da Baba ke aiki ta rufe, ya shekara yana zaune a gindin bango yana sauraron rediyo. An yi wata rigima a gari da ta sa aka hana fita kwanaki, muka yi sujadar Lahadi a ɗaki da murya ƙasa-ƙasa, Hajiya na aiko mana da koko ta kan katanga. Baba ya gaji da duniya, sai ga wani ya zo ya ce masa za a rufe ta. Bai tsaya tambayar ko ta ina mutumin ya ji ba.

Litinin da safe Malam Sule magini ya iso, tsani a kafaɗa. Baba ya tare shi a ƙofa.

"Malam Ayuba, ina kwana. Ƙasar nan ta nuna, tun daga bakin lungu na jiyo warinta."

"Ba za a yi ba bana."

"Ba za a yi me ba?"

"Yaɓen. Ruwa ba zai zo ba."

Malam Sule ya jingine tsanin, ya dubi gabas, ya dubi Baba. "Wa ya gaya maka?"

"Wanda ya sani."

"To. Ni dai jiya na ga shamuwa biyu a kan tsamiyar masallaci, kuma ba su yi kama da waɗanda suka zo yawon banza ba." Ya leƙa ta kan kafaɗar Baba. "Iya Laraba, da saninki?"

Kaka ta fito tana ɗaura ɗankwali. Baba ya juya ya ce mata muddin yana numfashi a gidan nan, ba namijin da zai taka soron. Ban taɓa jin ya yi mata irin wannan murya ba. Malam Sule ya ce soro goma sha ɗaya ke jiransa tsakanin Koki da Dala, in ya wuce ya wuce sai baɗi. Ya saɓa tsaninsa ya tafi yana girgiza kai.

Ranar Laraba Baba ya kwashe hatsinmu, buhu biyu na gero da ɗaya na dawa, ya loda a amalanke zuwa harabar coci, inda masu jira suka kafa rumfuna. Da ya dawo neman waken da ke cikin babbar tukunya, ya tarar Kaka ta kife faifai a bakinta ta zauna a kai.

"Inna, tashi."

"Wake ne a ƙarƙashina. Ni na goya ka, zo ka ɗaga ni mu gani."

Waken nan shi ya riƙe mu.

Aka shiga azumi, daga asuba zuwa ƙarfe shida na yamma, ko ruwa babu. Wanda bai yi bazara a cikin birni ba ba zai gane ba. Lungunan sun matse, bangaye na shan rana tun safe su riƙa amayo ta har gari ya waye. Tabarma zafi, randa zafi. Ƙuraje suka feso mini a wuya da baya. Leɓena ya tsage, in na yi magana sai in ji ɗanɗanon jini. Guga na daɗewa a rijiya kafin a ji ya taɓa ruwa, ya fito da rabi, rabin kuma laka. Da la'asar idona kan yi duhu in na miƙe. Ƙarfe shida in sha ruwa har cikina ya yi ƙara, in ci dafaffen wake da gishiri, ba mai, ba yaji. Na riƙa jan layi da gawayi a bangon ɗaki, kwana ɗaya layi ɗaya, a kan bangon da aka hana gyarawa.

Ba zan ɗora wa Baba komai ni in fita fes ba. Na fi shi zaƙewa. A kwana na huɗu Mai Wahayi ya hango ni ina rubutu, ya kira ni gaban jama'a, ya ɗaga littafina sama, ya ce ga marubuciyar kwanakin ƙarshe. Aka ba ni benci na gaba. Yarinyar da malamai ke mantawa da sunanta a aji, yau ga mutum ɗari biyu na kallonta. Da wannan kaɗai ya saye ni. Na daina zuwa makaranta, ko da yake a ɓoye ina ci gaba da yin lissafin da ke ƙarshen kowane babi, don hannuna ya ƙi bari. Littattafaina goma sha huɗu ne, a cikin akwatin katako a kusurwar babban ɗaki, kowanne na yi masa riga da takardar buhun siminti. Su ne duk abin da na mallaka.

Kaka ba ta shiga rumfunan masu jira ba ko sau ɗaya. Ranar Lahadi takan je sujada, ta zauna a wurinta, ta dawo. Kowace asuba takan durƙusa a bakin gadonta kamar yadda ta saba tun kafin a haife ni, ta yi addu'a tana kiran sunayen 'ya'yan lungu ɗaya bayan ɗaya, su Sani da Habibu da Bilkisu, duk waɗanda ta yanke wa cibiya. Ni kuwa ina kwance ina jin ta, ina raina ta. A ganina tsohuwa ce da ta tsufa a coci ba ta fahimci komai ba. Wata rana tana gaban murhu na daure na tambaye ta.

"Kaka, ke ba ki gaskata zai dawo ba?"

"Miƙo mini ludayi," ta ce.

A kwana na goma sha tara na ga wani abu. Mai Wahayi ya miƙo hannu ya karɓi littafina da azahar, tsakiyar azumi, sai na ga jan yaji da garin ƙuli a bakin hannun farar kwat ɗinsa, da ɗan maiƙo. Ƙamshin tsire ya doki hancina har yawu ya taru mini a baki. Na rubuta a gefen shafi: yaji a hannun riga, ƙarfe ɗaya da rabi. A ƙasa kuma na ƙara da hannuna: wataƙila ya taɓa wani mai ci ne. Wannan layi na biyu shi na fi jin kunyar karantawa a duk littafin. Wuyan mutumin bai rage ko ninki ɗaya ba, mu kuwa zannuwanmu na ta zamewa daga ƙugu.

Daga kwana na ashirin da uku hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya taso baƙi ƙirin da yamma, iska ta kwashi ledoji da shara ta zagaya lungu, a ji ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri mai nisa, sannan ya watse. A harabar coci aka ce alama ce, sama na nuna abin da aka hana ta. A lungunmu kuwa kowa na sauri, ana jin muryar magina daga soro zuwa soro.

A kwana na ashirin da shida Hajiya Umma ta zagayo da kanta, abin da ba ta cika yi ba. Ta tsaya ta kalli tulin ƙasarmu da ya bushe ya zama dutse, akuyoyi na hawa suna sauka. Ta shigo ta zauna a kan turmi.

"Laraba, an ce ɗanki ya ce tashin duniya ya zo."

"Haka aka gaya masa."

"Mu ma muna jiran Annabi Isa, kin sani. Amma ba mu toshe indararo don haka ba." Ta gyara mayafi. "Jiya yaran nan sun zo mini. Sun ce su za su kawo magini su yi, in ya so sashen ya dawo hannunsu tunda su ke gyara. Na ce su ba ni mako guda. Ba ƙasa nake tambaya ba, Laraba, ƙasa ba ta fi ƙarfina ba. Abin da zan gaya musu nake nema."

Kaka ta gyara zama. Ta ce, "Ayuba ya ce namiji ba zai hau ba."

"Na ji."

"To ai bai ce mace ba."

Hajiya ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Ke da gwiwar nan taki? Sai mun haɗa da mai ɗori."

Washegari da sassafe Kaka ta ari tsani da gatari. Ta farfasa tulin ƙasar, ta jawo ruwa guga-guga, ta naɗe zani zuwa gwiwa ta shiga tattakawa. Shekarunta sun haura sittin da biyar. Da ta jingina tsanin, ta taka matakin farko, sai ta tsaya ta gyara murya kamar Malam Sule.

"Za a hau soro."

Daga gidaje uku aka fashe da dariya. Wata ta ce daga bayan katanga, "Iya, mu rufa ne ko mu bari?" Kaka ta ce, "Ku bari, ba abin da ban gani ba." Kafin rana ta take, surukan Hajiya biyu sun zagayo da daro, wata maƙwabciya ta kawo bokiti. Suka jeru, wannan ta cika, wannan ta miƙa, Kaka na sama a durƙushe tana kankara tana cikewa. Suna yi suna tsokanarta, wai maginin bana ba ya shan sigari, ba ya neman kuɗin goro. Ni ina zaune a inuwa da littafin wahayi a cinya, ina kallonsu kamar masu zunubi.

Kaka ta leƙo. "Malama, tsanin nan na rawa."

Na tashi na je gindinsa. "Kaka, saura kwana goma sha uku. Ba ki gaskata zai dawo ba?"

"Riƙe da kyau."

Na riƙe da hannu ɗaya, na kau da fuskata gefe, wai don in an duba daga sama kada a lissafa ni cikin masu gyara ɗaki. Har dabara nake yi wa Ubangiji.

Baba ya zo daga harabar coci a kwana na ashirin da tara ɗaukar kaya, ya tarar da uwarsa a sama, laka har gwiwar hannu. Ya tsaya a tsakar gida, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Inna, sauko. Kina kunyata ni a gaban Ubangiji."

"Ayuba, in taimako ka zo, ga daro. In wa'azi ne, an yi mana ranar Lahadi."

Ya juya ya fita. Ta bi shi da kallo har ya sha kwanar lungu, sannan ta goge ido da bayan hannu, ta bar laka a kumatu.

Abin da magini ke yi a awa ɗaya, Kaka yini take yi. Rana na hawa, soron ya zama kasko, dole ta sauko sai la'asar. Tafin hannunta ya sale, gwiwoyinta suka kumbura. Na lura da wani abu da ya ƙara ba ni haushi: daga ɓangaren Hajiya ta fara. Ta gama rufin ɗakin Hajiya, ta bi kan bangon da muka haɗa, ta share indararo, ta shafe duka da makuba sau biyu. Kwana shida ke nan. Namu ɓangaren yana nan da tsagogin da yatsa ke shiga.

Kwana na talatin da uku, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Ina gida domin jiri ya kayar da ni a harabar, an maido ni. Iska ta tsaya cak, kaji suka yi shiru. Sai ɗigo na farko ya faɗi a kan murfin tukunya, da ƙarfi kamar an jefo tsakuwa. Na biyu ya faɗi a ƙasa ya ta da ɗan ƙura. Ƙamshin ƙasa ya tashi, wannan ƙamshi da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Daga nan sama ta buɗe. Lungu ya ɗauki hayaniya, mata na fito da robobi da tukwane, yara na tsalle tsirara, indararo na zubo jan ruwa kamar bakin famfo. Ni na tsaya a bakin ƙofa, na cusa littafin wahayi cikin rigata don kada ya jiƙe, ina cewa a raina wannan ba ruwa ba ne, ba zai yiwu ya zama ruwa ba, alhali yana gangara ta wuyana, yana wanke ƙurajen zafi, jikina kuma na murna ba da izinina ba.

Bayan awa guda ɗakinmu ya fara yoyo. Da fari wuri ɗaya, Kaka ta tara ƙwarya. Sai wuri huɗu. Sai laka ta fara faɗowa guntu-guntu daga tsakanin azara, itatuwan giginyar da ke riƙe da rufin. Layukan gawayina suka narke suka gangaro baƙi. Muka ji wata azara ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na nufi akwatina, Kaka ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta fizge ni waje. Muna tsakar gida kusurwar ta zauna. Ba ta yi wata babbar ƙara ba, ta dai sulale, sama ta bayyana a inda rufi yake, jar laka ta binne akwatin.

Kafin magariba ruwan ya tsagaita. Hajiya ta aiko a shigo da mu. Ɗakinta a bushe yake ƙamas, ko ɗigo bai sauka ba. Ta sa hannu ta shafa bangon da muka haɗa daga sama har ƙasa, ta dubi Kaka. Ta tura mini tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu. Na ci ina kuka, na kuma suɗe kwanon.

Da safe 'ya'yan Hajiya suka zo, suka shafa bangon su ma, babban ya hau soro ya duba makuba. Ya sauko ya ce, "Iya, wa ya yi miki wannan aiki?" Ta nuna masa tafin hannunta. Shi ma a wannan hannu ya faɗo duniya. Ba su sake ta da maganar shaguna ba har ta bar duniya.

Mai Wahayi bai rasa abin faɗa ba, irinsu ba sa rasawa. Ya ce abin da ya sauka hawayen sama ne, ba ruwan damina ba. Da kwana arba'in suka cika rana ta fito kamar kullum, ya ce azuminmu ne ya sa aka ƙara wa duniya lokaci, mu gode masa. Litinin ta gaba aka nemi shi aka rasa, haka ma sauran buhunan hatsi. Waɗanda suka ƙi zuwa ƙauye shuka sun ji a jikinsu har lokacin girbi ya zagayo. Matan da suka fi kowa kuka a benci na gaba su suka fara cewa dama tun farko ba su yarda da takalminsa ba. Baba ya dawo da buhu uku a naɗe a hammata, ba komai a ciki. Bai ba kowa haƙuri da baki ba. Ya ajiye buhunan, ya ɗauki daro, ya fara kwashe lakar ɗaki, shi ya kuma je ya roƙi Malam Sule. Damina guda muka yi a ƙaramin ɗaki mu uku, muna cin abin da ya samu.

Yanzu rufin kwano ne a sashen, ba mai jiƙa makuba a lungun, ba mai kiran za a hau soro. Kaka ta rasu shekara shida bayan nan, a kan gadonta, bayan addu'ar asuba. Littafin wahayi yana nan lafiya, ko shafi ɗaya bai jiƙe ba, domin shi na zaɓa na rungume. Nakan buɗe shi in na ji wani na magana da daɗin da ya yi yawa.

Washegarin ruwan, bayan an tono akwatin, na shanya littattafaina a tabarma. Goma sha huɗu, duk sun kumbura sun manne, tawada ta bi ruwa. In na ja shafi sai ya biyo yatsana kamar tuwo. Kaka na zaune a kan turmi tana shafa man kaɗanya a gwiwa. Haushi ya cika ni, na kowa da kowa, na rasa wanda zan sauke wa sai ita.

"Da kin fara da namu, da ba su lalace ba."

"Haka ne."

"To don me kika fara da nasu?"

Ta ci gaba da shafa mai.

"Sau biyu ina tambayarki kina aike na," na ce. "Kin gaskata zai dawo, ko ba ki gaskata ba?"

Ta rufe gwangwanin man, ta ajiye, ta dube ni sosai.

"Tun ba a haifi ubanki ba nake jiransa, Rahila, kullum da shirina nake kwana. Amma na yi wa mutum alkawari ruwa ba zai taɓa bangon nan ba. In ya zo ya tarar na bar ɗaki ya faɗa wa maƙwabciyata ina can ina waƙa, da wace fuska zan tarye shi? Gara ya same ni a kan soro da laka a hannu. Daga can ma ni zan riga ku ganinsa."